Hattara da mai sayar da kayan Dell Precision a WhatsApp, ya cinye min N185,000

N185,000. Naira dubu ɗari da tamanin da biyar, kuma ba ma kuɗina ba ne, kuɗin kwastoma ne da ya kawo laftof ɗinsa Dell Precision M4800 a ƙara mata ƙarfi don aikin AutoCAD da Revit, manhajojin zanen gini. Ba zan kama sunan mutumin ba tukuna sai na gama haɗa sikirinshot da rasit na tiransifa, amma duk mai gyaran kwamfuta da ke guruf-guruf ɗin kayan hannu zai gane salonsa.

Kafin wani ya ce ban bincika ba, ku ji abin da aka yi ciniki a kai. Katin girafik Quadro M2000M mai 4GB, furosesa i7-4940MX, RAM guda huɗu masu 8GB don a cike 32GB, sai caja 180W ta asali. Da na ce M4800 ce, shi da bakinsa ya ce, “Injiniya, MXM-A ke shiga wannan, kar ka ɗauki na M6800, ya fi shi tsayi.” Gaskiya ya faɗa, MXM nau'in katin girafik ne na laftof, na A milimita 82 da 70 ne, na B da ke shiga M6800 kuma 82 da 105. Ɗan damfara nawa ne ya san wannan? Wannan maganar ce ta sa na saki jiki, kuma har yanzu ita ke yi min yawo a kai. Injiniya, MXM-A ke shiga wannan. Mutum ya san abin har haka, ya turo bidiyon GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanin katin girafik, yana nuna GM107, CUDA 640, 4096MB, daidai bayanin M2000M, to me kuma ya rage in tambaya?

Kaya suka iso tasha, an naɗe su da kyau. Na cire murfin ƙasa, na ɗaga kibod da abin da ke ƙarƙashinsa, na kwance fanka da bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi, na sa kati, na shafa sabon man da ke taimakawa wajen kwashe zafi, na mayar. GPU-Z ya ce GK107, CUDA 384, 2048MB. Quadro K1100M ke nan, irin katin da na cire daga cikinta yanzu-yanzu! Sitika kawai aka canja. Da na goge man da ya bari a kan gilashin katin, wanda yanzu na gane da gangan ya bar shi, sai ga N15P-Q1 a rubuce, alhali na M2000M N16P-Q3 ne.

Ai tun kafin nan ma, caja ce ta fara tona shi. A'a, RAM ne ya fara. Biyu daga cikin huɗun PC3-12800S aka rubuta musu, ba PC3L ba. Harafin L ɗin nan shi ne komai: furosesan ƙarni na huɗu na laftof DDR3L mai 1.35V yake so, shi kuwa ya cusa min mai 1.5V a tsakiya. A hoton da ya turo, na saman ne kawai ake ganin takardarsu. Kwamfuta ta ƙi kawo hoto sai da na zare su. Kuma a M4800 ramuka biyu suna ƙasa, biyu ƙarƙashin kibod, kowane gwaji sai ka sake kwancewa.

Cajar kuma an buga mata 19.5V, 9.23A, tambari tsaf, amma ka ɗaga ta ka ji ba nauyi. Cajar Dell tana da siririyar allura a tsakiyar kai, ta nan kwamfuta ke karanta ko wat nawa ce. Ka danna F2 lokacin kunnawa ka shiga BIOS, shafin saitin kwamfutar, wajen bayanin batir, ta gaske za ta nuna 180W. Wannan ba a gane ta ba sam. Sakamakon haka batir ba ya caji, furosesa kuma ya maƙale a 800MHz, na'urar da aka kawo don ta ƙara gudu ta koma tafiyar hawainiya.

Da na kira shi sai ya ce, “Haba Oga, matsalar direba ce.” Ya san inda zai ɓuya, domin gaskiya ne in ka sa sabon kati a tsohuwar Precision sau da yawa sai ka taɓa fayil ɗin direban Nvidia, wato manhajar da ke tuƙa katin, kafin ya yarda ya hau. Amma direba ba ya mayar da CUDA 640 ya koma 384, ba ya kuma sauya rubutun da ke kan gilashi. Na tura masa hoto, ya gani, shuɗin layi biyu. Daga nan ya toshe ni. N185,000.

Furosesan na bari ƙarshe don shi ya fi ƙona min rai. Na gaske SR1PP ne lambarsa. Wanda ya zo lambarsa da Q ta fara, CPU-Z, manhajar duba furosesa, kuma ya rubuta ES a gefen sunan, wato samfurin gwaji ne da Intel ke ba kamfanoni, ba na sayarwa ba. Yana tashi, eh, amma wa zai miƙa wa mai zanen gini wannan? Na mayar da tsohon furosesanta, 4800MQ mai 47W. Kuma shi ne fa ya tunatar da ni cewa 4940MX 57W yake ci, in wanke fanka sosai. Har shawara ya ba ni, wallahi. Allah ya isa.

Ranar da na tura kuɗin ya ce in yi sauri, wai wani daga Legas na jira. Asusun ma sunansa daban da na WhatsApp, ya ce na ƙaninsa ne, kuma a kasuwa wa bai taɓa biya ta asusun yaron shago ba? Sikirinshot ɗin wannan ma yana nan, zan sa duka har da bidiyon.

Ku dai kar ku biya kafin ku gani. A goge man a ɗauki hoton rubutun gilashin tare da takarda mai sunanku, a nuna takardar kowane RAM ɗaya bayan ɗaya, a jona caja a nuna BIOS. In ya ƙi, ku bar masa kayansa. Ni yanzu sai in nemo N185,000 in biya bawan Allah, ga kwamfutarsa tana nan yadda ya kawo ta.