Man girki na gansakuka: ya iya tuya, amma ba na kaskon ƙosai ba ne

Ƙawayena a nan Houston sun san ni da karambanin kicin, shi ya sa tun da aka fara tallan man girkin da ake tatsa daga gansakuka suke ta tambayata ko na gwada. Na gwada. A taƙaice mai ne mai kyau, wajen jure wuta ma ban taɓa riƙe kamarsa ba, amma kuɗinsa ya hana shi zama man yau da kullum a gidan da ake tuya irin tamu.

Kwalbar da na saya 'yar ƙarama ce, mililita 473, ko rabin lita ba ta cika ba, kuma na biya sama da dala 20. Da wannan kuɗin zan ɗauko jarkar man kanola mai lita uku ko fiye, a ba ni canji. Wanda ke jiran ya ga kore a ciki zai sha mamaki, domin man garai-garai yake, ruwan ɗorawa mai haske ƙwarai, ba kauri, ba ƙarni. Na ɗiga a cokali na lasa, kusan babu ɗanɗano, sai ɗan maiƙo mai laushi da ba ya daɗewa a harshe.

A kan wuta ne ya nuna kansa. An rubuta a jikin kwalbar cewa ba ya fara hayaƙi sai zafi ya kai 535 a ma'aunin Fahrenheit, wato wajen 280 a ma'aunin Celsius. Ba ni da abin auna wannan, amma ina da ƙararrawar hayaƙi a silin, wadda duk mai soya nama a gidajen Amurka ta san halinta: man gyaɗa na fara ƙauri za ta tara maka maƙwabta. Na ɗora kaskon ƙarfe ya yi zafi sosai, na zuba man, na jera yankan naman rago. Bayansa ya yi ja ya ƙame, cikinsa da sauran ruwa, ƙararrawa kuwa shiru. Awara ma haka, ta soyu ba ta sha mai ba.

Inda ya fi burge ni shi ne masa. Tandar ƙarfe ce da ni, kuma matsalarta kullum ita ce bayan zubi na uku ko na huɗu man da ya saura a ramukan sai ya fara baƙi, masar ƙarshe ta fito da ɗaci-ɗaci. Da wannan man ban ga haka ba. Na ƙarar da ƙullun duka, ta ƙarshe da ta farko launinsu ɗaya, kuma tsamin ƙullun ya fito sosai tun da man bai sa baki ba. Tanda kuma ba ta cin mai da yawa, ɗigo-ɗigo ne, don haka kwalbar tana jimawa.

Amma rashin ɗanɗanon nan da ya taimaki masa shi ne ya kashe garau-garau. Wake da shinkafa da mai da yaji, ƙamshin man gyaɗa da aka soya da albasa shi ne rabin daɗin. Na soya albasar a man gansakuka, na zuba, maigida ya kai loma biyu ya ɗago ya ce, "Yau man bai zo ba ne?" Dambun shinkafa ma haka zai kasance, balle a yi maganar inda manja ko man shanu ke da gurbi. Ƙosai kuwa ya soyu lafiya, sai dai kwalbar gaba ɗaya ba ta cika ƙaramin kasko ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in narkar da dala 20 a kan ƙosan karin kumallo ba.

Da na faɗa wa mahaifiyata a waya, ta yi shiru ta ce, "Gansakuka dai ta bakin rijiya? Ke kam Allah ya shirye ki." Na ce, "Umma, ba ita ake kwasowa ba." Kuma gaskiya ce. Wasu ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya daga dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Ana zuba su cikin manyan tankunan ƙarfe a rufe, inda ko hasken rana ba ya shiga, a riƙa ba su sukari. Cikin 'yan kwanaki sai su cika cikinsu da mai, a busar da su, a matse, a tace. Babu kitsen dabba a ciki. Kimanin kashi 90 cikin 100 na man irin kitsen nan ne da ake yabon man zaitun dominsa, shi kuwa zaitun nasa wajen kashi 70 ne da ɗoriya. Wannan ne ya sa yake daɗewa a wuta bai lalace ba. Mu ma dai cin irin waɗannan halittu ba baƙon abu ba ne a yankinmu: matan Kanembu na kewayen Tafkin Chadi sun daɗe suna yaɗe wata irin gansakuka mai suna spirulina daga kududdufai, su shanya ta ta zama dihe, a sa a miya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tun asali ba don tukunya aka ƙirƙiro wannan fasaha ba, don tankin mota da jirgi ne. Gwamnatin Amurka ta yi shekaru daga 1978 zuwa 1996 tana binciken samar da man fetur daga gansakuka, ta rufe shirin a lokacin da ɗanyen mai ke da arha. A 2003 aka kafa kamfanin Solazyme a Kalifoniya, wanda ya rungumi wannan hanya ta tanki da sukari. Sun kai ga nasarar da za a nuna: a watan Nuwamba na 2011 jirgin fasinja na kamfanin United ya tashi daga nan Houston zuwa Chicago da man da kashi 40 cikin 100 nasa na gansakuka ne. A ƙarshen shekarar rundunar sojan ruwan Amurka ta sayi galan 450,000 na man da aka haɗa daga gansakuka da tsohon man tuya a kan dala miliyan 12. A raba a gani, galan ɗaya ya haura dala 26, alhali man da suka saba saye bai kai dala 4 ba.

Daga nan ɗanyen mai ya faɗi, daga sama da dala 100 kowace ganga a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Solazyme ya juya ga abinci da kayan shafa, ya fitar da man girki mai suna Thrive a 2015, ya sauya suna zuwa TerraVia a 2016, a 2017 ya durƙushe, kamfanin Corbion na ƙasar Holan ya saye abin da ya rage. Shi ma kamfanin man fetur na ExxonMobil, da ya yi shekaru yana cika talabijin da hotunan korayen kududdufai, ya kashe sama da dala miliyan 350 a kan binciken man gansakuka tun daga 2009, sannan ya janye hannunsa. Waɗanda suka tsira su ne masu sayar da abin da ake auna shi da cokali, kamar man omega-3, wani kitse mai amfani ga jiki da ake sa wa a madarar jarirai da abincin kifin kiwo. Idan man da ke kicin ɗina aka lissafa da galan, ya haura dala 150. Babu jirgin da zai sha wannan, amma mace mai son masarta ta yi kyau za ta iya daurewa ta saya sau ɗaya a watanni.

Akwai abu biyu da mai saye ya kamata ta sani. Wannan ba shi ne man omega-3 ɗin ba. Wancan daga wani jinsin gansakuka daban ake samunsa, kuma ba a tuya da shi. Sai maganar kare muhalli da ake yawan jingina wa irin wannan mai. Ban ƙaryata ta duka ba, domin tanki ba ya cin fili kamar gonar kwakwar manja, ba a kuma sare daji dominsa kai tsaye. To amma sukarin fa? Babbar masana'antar da Solazyme ya gina tare da kamfanin Bunge tana jihar Sao Paulo ta Brazil, manne da kamfanin sarrafa rake, saboda can ne sukari ke da arha. Ke nan ƙarƙashin kowace kwalba akwai gonar rake da taki da ruwa, ga jigilar teku kafin ta iso shago. Mai yiwuwa lissafin ya fi na wasu mayukan sauƙi, amma ni ba don wannan na saya ba, kuma ba zan ce wa kowa ta saya don shi ba.

Wadda ke zaune a gidan haya mai ƙararrawa mai saurin fushi, tana yawan gasa nama a kasko ko yin masa da wainar fulawa, za ta ji daɗinsa, ta ajiye shi gefe don waɗannan kaɗai. Mai tuyar ƙosai, cincin ko doya ta tsaya a kan man gyaɗarta. Ni tawa kwalbar ta kusa ƙarewa, kuma zan sake saye gab da azumi, lokacin da tanda ba ta sauka daga murhu.