Buhu mai leda biyu, jarka ko durom: wanne za ka saya don ajiyar hatsi?

Ni dai abin da ya fara sa ni tanadin abinci, kar ku yi dariya, fim ne. Irin fina-finan tashin duniyan nan na Amurka da za ka ga gari ya watse ana kokawa kan gwangwanin kifi ɗaya. Maiɗakina ta ce Baban Ummi ai ba sai ka kalli fim ba, ka manta dokar hana fita ta awa 24 da aka sa mana a Jos ta Arewa a Agustan 2021, muka wayi gari ko mudu biyu na shinkafa babu? Kuma gaskiyarta. Ga Suratu Yusuf ma, shekara bakwai na yalwa, Annabi Yusuf ya ce a bar hatsin a zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari. Tanadin gida nake nufi fa, ba ɓoye kaya sai ya yi tsada ba, wannan malamai sun hana.

To ga zaɓin. Durom na ƙarfe yana da kyau amma tsada, kuma wa zai hau da shi bene a gidan haya? Jarka mai lita 25 ba laifi, ta kan ci wake kusan kilo 20, sai dai yawanci ta manja ce ko ta kalanzir, warin baya fita. Maganar zuba wa hatsi Sniper don kashe ƙwari kuwa a bar ta kawai, irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Nawa gwanin shi ne buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, ka zuba wake ko masara ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, shikenan ƙwarin sai su shaƙe su mutu ba ko ɗigon magani. Akwai na kilo 50 akwai na 100. Amma fa sai hatsin ya bushe ƙayau, ka ciza ka ji ya ce ƙas, kuma ka ɗora kan katako nesa da bango don sanyin damunar Jos ba ya wasa, ɓera ma haka.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Bara na sayi guda uku wajen wani a kasuwa, yana ta rantsuwa orijinal ne har da ragi ya min, ni kuma araha ta ruɗe ni. Wata huɗu na buɗe, wallahi waken ya zama gari, ƙwari na tashi kamar hayaƙi, sai kaji muka zuba wa. Ashe ledar cikin irin ta ƙullin gari ce, ɗaya ma tsohuwa ce aka wanke. Don haka kar ka biya sai ka zaro ledojin a gaban mai kayan, ka ƙirga biyu ne, ka ɗaga a rana ka duba huji, sannan ka cika ta da iska ka murɗe bakin ka danna da hannu. In ta sace ko ya ce "Alhaji ai ba a buɗewa", ajiye masa kayansa ka ƙara gaba. Ka duba gindin ledar ma, wajen liƙin nan nawa suka fara yoyo.