Irin tattasai mai jure TSWV: ya yi aiki, har zafi ya zo

Haruffa huɗu da ke bayan fakitin ne suka sa na sayi wannan iri: TSWV, gajeren sunan wani bairos mai kama tumatir da tattasai. Bara bairos ɗin nan ya cinye mini rabin tattasaina, ganye ya yi tsatsa, 'ya'yan suka fito da zobe-zobe, ba mai ko taya su. Mai sayarwar ya ce irin yana ɗauke da Tsw, ƙwayar gadon da masu haɗa iri suka ɗebo daga dangin attarugu, wai cutar ba ta kama shi.

Tsirowa dai ba laifi, kusan duk ya fito, jiki a miƙe. Na raba renon biyu, rabi a ƙarƙashin ragar inuwa, rabi a rumfar leda. Ƙwarin tirips, 'yan mitsi-mitsin nan masu ɓuya cikin fure, su ne ke yaɗa cutar, kuma ba wanda suka bari.

Na cikin inuwa sun burge ni. Sai ka ga ɗan ɗigo busasshe a ganye, shi ke nan. Ashe aikin Tsw ke nan: shukar ce ke kashe wurin da bairos ya shiga, ta toshe masa hanya tun bai bazu ba. Da farko ma har na tsorata, na ɗauka cutar ce ta fara.

Na rumfar leda kuwa, ma'aunin zafina ya yi kwanaki yana sama da digiri 32, dare ma bai huce ba, ga su ƙanana masu ganye uku zuwa huɗu. Tohonsu ya ƙone, da yawa suka kwanta. Daga baya na gano abin sananne ne: idan zafi ya daɗe, kariyar Tsw na sakin jiki, musamman ga ƙaramar shuka. Manyan da na dasa tun da wuri sun fi tsira. Akwai ma nau'in bairos ɗin da ya riga ya fi ƙarfin Tsw, an gan shi a Italiya da Sifaniya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ko layi ɗaya fakitin bai yi a kan zafi ba, alhali har tazarar dashe sun rubuta. Zan sake saye, amma reno a inuwa zan yi, kuma tarkon tirips mai danƙo zai riga irin shiga gona.