Kafin ka sayi fentin yi wa ƙaramar fada katangar dutse, ga abin da na gwada

Jama'a tun ranar da na nuna ƙaramar fadar nan ta 'yar tsana da na haɗa wa 'yata, irin ta sarakunan Turai mai hasumiya da ganuwa, tambayar da ake ta min ɗaya ce, wai wane fenti na saya har katangar ta fito kamar dutsen gaske. Toh gaskiya fenti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka damu da shi, fara tunanin a kan me zaka shafa shi, don in bangon sumul yake kamar allo ko fentin da ya fi kowanne tsada ka kawo zane kawai zai zama.

Akwai takarda da ake sayarwa an buga hoton dutse a jiki, ka yanka ka manna da gam shikenan. Tana da sauri, a hoto ma tana kyau, amma da haske ya bugo ta gefe asiri ya tonu, ba tudu ba kwari. Ni a bangon cikin ɗaki kawai nake sa ta inda ido baya kaiwa sosai.

Sai soso, kuma nan mutane ke ruɗewa don iri biyu ne. Akwai farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake sako firij ko talabijin a ciki, kyauta zaka same shi, amma kana yanka yana marmashewa kuma ƙwayoyin nan suna fitowa ƙarƙashin fenti kamar gero. Akwai kuma XPS, wanda ake sa wa gine-gine don tare zafi da sanyi, galibi shuɗi ko ruwan hoda, shi naman jikinsa a haɗe yake. Ka ja layin duwatsu da reza, ka bi da bakin biro ka faɗaɗa, sai ka dunƙule takardar foyil ta zama ƙwallo ka dinga birgima ta a kai kana dannawa, wallahi minti biyar zaka ga fuskar dutse ta fito. Matsalarsa samu, ba kowane shagon kayan gini ke ajiye shi ba.

Wanda ni na fi so kuma zai ba ka mamaki, kiret ɗin ƙwai ne, na kwali ba na roba ba. Gefen nan mai kaushi da ma kamar sassaƙaƙƙen dutse yake. Ka yanka gunduwa-gunduwa, ka ɗan gutsure kusurwoyin da farce don kar su yi tsini, ka manna ɗaya bayan ɗaya da farin gam irin su Top Bond kana barin 'yar tazara tsakani. Yana cin lokaci, hasumiya ɗaya ta ci min yammaci uku, amma yana lanƙwasa ya bi bango mai zagaye wanda soso baya yi cikin sauƙi. Yumɓun DAS mai bushewa da iska shi ma yana ba da kyau, sai dai nauyi da tsada in fadar babba ce, kuma in ka shafa shi da kauri a kan katako ba ka fara sa gam ba yana iya tsagewa ya ɓanɓaro.

Ka kula da girman duwatsun. Yawancin gidajen 'yar tsana a ma'aunin 1:12 suke, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, shi ne ma'aunin shahararren gidan nan na Sarauniya Mary da aka gama a 1924 yana nan ajiye a fadar Winsa ta Ingila. Kenan dutsen da a zahiri tsawonsa santimita 60 ne tsayinsa 30, a wurinka santimita 5 ne da 2 da rabi. Kar ka yi su duk kai ɗaya kamar bulo, na ƙasa su fi girma.

Toh mu zo kan fentin. Duk wanda zan ambata akirilik ne, na ruwa, bambancin tsada da yawa ne. Akwai na masu fentin ƙananan sojojin wasa, Vallejo na Sifen ɗan kwalba mililita 17 ko 18, Citadel na Ingila mililita 12. Masu kyau ne ba musu, launi a cike, amma an yi su ne don mutum-mutumin da bai wuce yatsa ba, ka ɗauko su ka ce zaka shafe katanga mai tsayin rabin mita ai kwalba nawa zaka ƙarar, kuma soso da kwali sha suke kamar ƙasar rani. Sai na aikin hannu masu araha irin Apple Barrel da FolkArt, mililita 59 a kwalba, launinsu bai kai ƙarfin waɗancan ba kuma wani sai ka yi shafi biyu, amma a aikin dutse wannan ba aibu bane, Apple Barrel ɗin ma yana bushewa ba sheƙi wanda shi muke nema. A tsakiya akwai na masu zane da ke zuwa a tub kamar Liquitex Basics mai mililita 118, yana da kauri yana jure sirki da ruwa, sai dai yana ɗan ƙyalli in ya bushe. In duk babu su a garinku, ragowar fentin emolshan na bangon gida yana yin shafin farko lafiya lau, na gwada.

Fentin feshi mai yashi-yashi da ake rubuta masa dutse a gwangwani, nan ne nake roƙonku ku yi hattara. Kun san yadda ake jefa farin soso a fetur ya narke ya zama gam a liƙe kwanon rufi, toh sinadarin da ke cikin yawancin fentin feshi haka yake wa soso. Na taɓa fesa wa hasumiyar da na kwana biyu ina sassaƙawa, ina tsaye ina kallo duwatsun suka lotsa suka zama ramuka, raina ya ɓaci sosai ranar. In dole sai ka fesa, fara rufe soson ruf da Mod Podge (wani gam ne na aikin hannu da ake shafawa a sama) ko farin gam da aka gauraya da baƙin fenti, shafi biyu, kar ka bar ko huda ɗaya. Kuma ko a katako ne bana son sakamakonsa, ɗigo-ɗigon iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, ya fi kama da teburin kicin.

Launi nawa zaka saya? Biyar sun isa: baƙi, fari, ruwan ƙasa mai duhu, ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa, da kore. Kar ka sayi toka-toka kwalba uku, haɗa naka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗauka cewa dutse toka-toka ne kawai. Nemo hoton fadar Bodiam ta Ingila da aka fara a 1385 ka duba da kyau, dutsen yashi ne, akwai ɗorawa akwai ruwan ƙasa akwai baƙin da ruwan sama ya zubo. Fadar Kanabon ta Wels da Sarki Edward na ɗaya ya fara a 1283 ma da gangan aka jera mata duwatsu masu launi daban layi-layi. Mu nan wanda ya taɓa zuwa fadar Kajuru a jihar Kaduna, wadda wani Bajamushe ya gina, ya ga katangar dutse da idonsa, babu duwatsu biyu da launinsu ya zo ɗaya.

Yadda nake yi, bayan baƙin shafin farko ya bushe sai in bi da toka-toka mai ɗan ruwan ƙasa a ciki, sannan in tsinci duwatsu nan da can, wannan in ƙara masa ɗorawa wancan in ƙara masa duhu, a wannan matakin abin muni yake kamar zanen atamfa kar ka tsorata. Ruwan wanki, wato fenti mai duhu da aka tsinka da ruwa sosai, shi ne ke haɗa kansu. Akwai na sayarwa, Agrax Earthshade na Citadel ya yi suna kuma ya cancanta, amma a babban bango asara ce, ɗan baƙi da ruwan ƙasa a kofi, ruwa kamar ninki goma, ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke don ya gangara cikin tsagu, ka shafe bangon duka ka dangwale saman da tsumma. Da ya bushe sarai sai busasshen burushi: ka taɓa fenti mai haske, ka goge shi a kwali har ka ga kamar ba saura, sannan ka dinga sharar bangon sama-sama daga sama zuwa ƙasa. Bakin kowane dutse zai ɗauki haske, nan ne zaka ji daɗin wahalar da ka sha. Kore kuma kaɗan, a gindin ganuwa da ƙarƙashin taga inda gansakuka ke kamawa.

Burushi kar ka kashe kuɗi, wannan aikin kashe burushi yake. Na hoda da mata ke kwalliya da shi, mai laushi mai faɗin kai, ya fi min na shagon zane a sharar nan. In lokacin hunturu ne fentin na bushewa a faranti kafin ka juya, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu ka ɗora takardar gashin kek a kai ka zuba fentin a nan.

Abu ɗaya da zan ce ka sayi mai kyau ko da tsada shi ne banish marar sheƙi, wato shafin ƙarshe garai-garai da ke kare fenti, musamman in yara ne zasu yi wasa da fadar, don kwalin ƙwai baya son jiƙaƙƙen hannu. Karanta jikin kwalbar da kyau kafin ka biya, mai sheƙi zai mayar maka da katangar kamar an shafa mata man gyaɗa, kuma fara gwada shi a bayan hasumiya ka bari ya kwana.