Ledar Cikin Tsohuwar Fijo 504: Wanki, Feshi, Faci ko Sabon Ɗinki?

Wanda ya gaji Fijo 504 a wajen mahaifinsa, ko ya sayo wadda ta daɗe a ajiye ƙarƙashin darbejiya, da inji yake farawa, sai fentin jiki. Sai ranar da ya shiga ya rufe ƙofa yake gane ashe tsugune ba ta ƙare ba: dashbod ya tsage tun daga bakin gilashi, ledar ƙofa ta kumbura ta ƙasa, kujerar direba ta dare a gefen da ake gogawa wajen shiga da fita. Kamfanin PAN, mai haɗa motocin Fijo a Najeriya, ya buɗe masana'antarsa a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, don haka kayan inji ba sa wahalar samu. Kayan ciki ne ba ka samun sabo a kanti.

Abin da muke kira leda a motar nan ba fatar dabba ba ce. Roba ce ta PVC da aka shimfiɗa a kan yadi ko a kan soso. PVC shi kaɗai tauri gare shi, irin na bututun ruwa, sai an zuba masa wani sinadari mai maiƙo sannan yake laushi. Zafi da hasken rana su ke korar sinadarin nan a hankali. Wannan hazo-hazon da ke taruwa a gilashin gaba ta ciki, wanda kana gogewa yana dawowa, wani ɓangarensa daga nan yake fitowa. Dashbod ɗin motar da ta yini a ranar watan Afrilu yana iya wuce digiri 70 na zafi. Shekara talatin a haka, dole leda ta bushe.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, je wajen motar da sassafe kafin rana ta taɓa ta, ka danna ledar da babban yatsa a wuri uku ko huɗu. In ta lotsa ta dawo, tana da sauran rai, kuma aikinka mai sauƙi ne. In ta yi ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, ko ka ga ƙananan tsagu suna buɗewa a kewayen yatsanka, ta mutu. Babu man da ake sayarwa a kwalba da zai mayar mata da abin da rana ta ɗauke, ko me aka rubuta a jikin kwalbar. Wannan gwajin shi zai gaya maka wace kasuwa za ka nufa.

In ledar na da rai, fara da wanki. Ruwan ɗumi, sabulun ruwa marar ƙarfi, buroshi mai laushi, sai tsumma. Sau da yawa abin da ake zaton koɗewa ce ƙurar hunturu ce da gumin shekaru suka cika ramukan zanen ledar. Na taɓa wanke rabin ledar ƙofa ɗaya na bar rabi don in gani. Ruwan bokitin ya koma kamar kunun kanwa, gefen da aka wanke kuwa ya fito ruwan ƙasa mai haske wanda ban ma san motar na da shi ba. Bayan wanki sai man kariya daga rana, irin su 303 Aerospace Protectant, wanda ba ya barin maiƙo. Abin da zan hana ka shi ne dabarar wasu masu wankin mota: man birki, baƙin mai, basilin, ko goge tabo da fetur da tina. Ranar farko mota tana ƙyalli, bayan wata biyu ledar ta ƙara bushewa, ƙura kuma ta manne. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ko man sheƙi mai silikon na kanti, irin wanda ke sa dashbod walƙiya har ya kashe maka ido a gilashi, ka guje shi in kana da niyyar fesa launi nan gaba, domin fenti ba ya kama inda silikon ya zauna.

Feshin launi shi ne zaɓin da na fi ba mutane shawara a kai in ledar lafiyarta ƙalau amma ta koɗe. Sai dai a lura: ba fentin gwangwani na ƙarfe ba. Wannan in ya bushe tauri yake yi, ledar na motsawa sai ya farfashe ya riƙa ɓarewa. Ana yin na leda musamman, mai lanƙwasuwa, kamar SEM Color Coat ko na Dupli-Color. Yawanci sai an yi odarsu daga waje, kuma gwangwanin feshi ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauko shi ta jirgin sama ba, don haka ka tambaya tun kafin ka biya. Sirrin aikin a shiri yake: a wanke, a cire duk wani maiƙo, a bari ya bushe sarai, sannan a fesa siriri-siriri sau uku ko huɗu. Mai gaggawa da ya zuba da kauri lokaci guda zai cike zanen ledar, ta koma sumul kamar bokitin roba. A dashbod da ƙofofi feshi yana daɗewa. A mazaunin direba kuwa, inda babbar riga ke gogawa kullum, ka sa a ranka cewa za a sake. Kuma ka tsaya kusa da launin asali. Mayar da baƙi ya zama ruwan madara yana yiwuwa, amma ko'ina ya ɗan karce sai baƙin ya leƙo.

Faci na ƙaramin rauni ne kawai: ƙunar sigari, ko yankan da bai wuce tsawon yatsa ba. Ana saka yadi ta ƙasa, a cike da wani ƙullu na leda, a ɗora takarda mai zane a gasa da ɗan zafi don ya yi kama da kewayensa. A ƙofa yana ɓacewa da kyau. A tsagaggen dashbod ba ya jimawa, domin soson da ke ƙarƙashi shi ma ya dare, kuma zafin rana da sanyin dare suna ta motsa tsagar. Sufa gulu kuwa kada ma a fara; yana taurara gefen ledar ya mayar da shi kamar gilashi.

Inda ledar ta mutu, maganar ta koma wajen mai ɗinkin kujerun mota, kuma nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma ake cutuwa. Muna da gwanaye, amma gwani ma da abin da ka kawo masa yake aiki. Ledar kujerun falo da ake sayarwa yadi-yadi ba a yi ta don rana ba. Nemi wadda aka yi don mota ko jirgin ruwa. Juya bayanta: in saƙa ce mai miƙewa, za ta bi lanƙwasar kujera ba tare da tattarewa ba. Ninka gefenta ka matse da ƙarfi, in layin ya yi fari, ajiye ta. Ka tafi da guntun tsohuwar ledar daga ƙarƙashin kujerar baya, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, don a gwada launi da zane a hasken waje, ba a cikin shago ba.

Sai ka zauna da mai ɗinkin ku yi magana dalla-dalla. "Maigida, da wane zare za ka yi?" Zaren polista ya fi jure rana, na auduga ruɓewa yake yi. Wane gam zai shafa? Gam na takalmi yana saki in mota ta yi zafi, shi ya sa kake ganin ledar ƙofa ta zazzago bayan bazara ɗaya. Akwai mai jure zafi, ya fi tsada, shi za ka ce a sa. Ka roƙe shi ya warware tsohuwar rigar kujerar a hankali ya yanka sabuwa a kanta, ya kuma bi layukan ɗinkin asali. In ka bar shi da son ransa, zai iya yi maka ɗinkin lu'u-lu'u da jan zare, 504 ta koma kamar kujerar amarya. Allon da ke bayan ledar ƙofa kuma, in ya sha ruwa ya lanƙwashe, a yanka sabo, a mayar da farar ledar da ke tsakaninsa da ƙarfen ƙofa. Makanikai kan yage ta wajen gyaran gilashi su yar, ita ce kuwa ke tare ruwan damina.

Mai tsohuwar Marsandi W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ya dakata kafin ya yarda a yage masa kujera. Ledarta, MB-Tex, ta yi suna wajen ƙarko. Galibi abin da ya mutu shi ne shimfiɗar zaren da ke ciki, wadda za ka ga garinta ya zube a ƙarƙashin kujera. A canja cikin, a mayar da rigar asali.

Dashbod ne mai wuyar sha'ani. Sake lulluɓe shi da hannu yana barin ɗinki da ƙulli a kusurwoyi, sai gwanin gaske. Murfin roba da ake mannawa a sama, irin na Coverlay, ana samunsa na Marsandi da motocin Amurka, kuma daga nesa ba laifi. Ga mai 504, hanya mafi kusa ita ce na gwanjo: Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Ka yi masa gwajin yatsa kamar yadda ka yi wa naka, domin shi ma ranar nan ya sha. Ka tafi da hoton naka da shekarar motar, saboda fasalin dashbod ɗin ya canja tsakanin samfura. In ta intanet za ka saya, duba gefen sitiyari: 504 da aka haɗa a Kenya sitiyarinta a dama yake, tamu kuwa a hagu.

In aljihu bai kai ba a yanzu, sa tela ya ɗinka maka shimfiɗar yadi mai kauri daidai dashbod ɗin, ka sayi abin tare rana na gilashin gaba, ka nema wa motar inuwa. Tsagar ba za ta rufe ba, amma za ta rage gudu har ka samu na gwanjo mai laushi.