Wace irin muhawara za ka saka ɗanka? Duba kafin ka fitar da kuɗi

Da zarar an koma makaranta, yaro zai dawo gida da takardar neman izini: ana ɗaukar 'yan ƙungiyar muhawara. A WhatsApp kuma ga tallar mai koyar da magana a gaban jama'a duk ranar Asabar, ga wani ajin na intanet da ake biya wata-wata. Duk sunansu muhawara, amma ba haja ɗaya ba ce, kuma ba a cinikin biri a sama.

Mafi sauƙin kuɗi ita ce ƙungiyar makaranta. Galibi ba ka biyan komai sai kuɗin adaidaita sahu ranar da za a je karawa da wata makaranta. Tsarinta wanda muka taso muka tarar ne: babban mai magana da masu mara masa baya, a gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, sannan a shiga batun likita da malami wa ya fi amfani, ko makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. Tana cire wa yaro rawar murya da sunkuyar da kai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya haɗa ido da babba.

Aibinta ɗaya, amma babba. Sau da yawa malami ne yake rubuta jawabin, yaro ya haddace. Yaran Kano kuwa gwanayen hadda ne tun daga makarantar allo, don haka sai ka ga yaro yana zuba Turanci kamar ruwa, ana tafi, alhali ko jimla ɗaya daga bakin abokin karawarsa bai saurara ba. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan cin abincin dare ka ce masa, "To, yanzu koma ɗaya ɓangaren ka kare shi." In ya yi tsuru-tsuru, hadda ake koya masa.

Salon gasar makarantun duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988, shi ne maganin wannan ciwon. Mutum uku ne suke magana a kowane ɓangare, kowa minti 8, sai jawabin rufewa na minti 4. Ana tsaka da maganarka abokin hamayya yana iya miƙewa ya nemi jefa maka tambaya, in ban da mintin farko da na ƙarshe. Wasu batutuwan ana bayar da su tun da wuri, wasu kuwa sa'a ɗaya kacal ake ba yara su shirya, babu malami, babu waya. Makin ma a rabe yake: 40 na hujja, 40 na salon magana, 20 na dabarar tsara jawabi. Nan hadda ba ta da wurin ɓuya. Tsadarsa tana wajen samun mai horarwa da ya taɓa yin gasar da kansa, da data da wutar cajin waya in ta intanet ake atisaye, da kuɗin rajista da na tafiya in gasar ta kai Abuja ko Legas. Sai kuma abin da mai talla ba zai faɗa maka ba: ba yaro ne yake zaɓar ɓangarensa ba, kuma wasu batutuwan suna taɓa addini da al'ada. Ka nemi jerin batutuwan da suke atisaye a kansu ka karanta tukuna. Mai horarwa na ƙwarai ba zai ɓoye maka ba.

Akwai salon majalisar Birtaniya, ƙungiyoyi huɗu na mutum bibbiyu, jawabin minti 7, shiri na minti 15. Galibi na 'yan jami'a ne. Kada a sayar wa ɗan aji ɗaya na babbar sakandare shi da sunan ci gaba.

Wanda ɗansa yake makarantar Arabiyya kada ya ɗauka an bar shi a baya. Cibiyar QatarDebate da ke Doha tana shirya gasar muhawara ta makarantu da Larabci, kuma yaron da ya ƙware a nahawu da balaga ya riga ya yi rabin tafiya. Haka muhawara da Hausa, wadda wasu iyaye suke yi wa kallon raini. Ni dai a ganina yaron da bai iya kafa hujja da harshen da ya sha a nono ba, Turanci ba zai ba shi ita ba. Zai ƙara masa kalmomi ne kawai.

Ajin koyon magana na kuɗi kuwa wani abu ne daban. Ana koyar da tsayuwa, da sarrafa murya, da motsin hannu, ba tare da abokin hamayya ba. Ya dace da yaro mai tsananin kunya, na zango ɗaya ko biyu. In mai ajin ya jingina kansa da Toastmasters, ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a da aka kafa a Amurka a 1924, ka sani cikakken ɗan ƙungiyar sai ya kai shekara 18. Ka tambaye shi: yara nawa ne a ajin, sau nawa kowane yaro yake miƙewa ya yi magana a zama ɗaya, kuma wa yake gaya masa kuskurensa bayan ya zauna? Aji mai yara arba'in da malami ɗaya, lacca ka saya.

Lokacin shiga ma yana da muhimmanci. Aji uku na ƙaramar sakandare ko aji ɗaya na babba shi ne daidai. Ɗan ajin ƙarshe yana da WAEC da NECO da JAMB a gabansa, ga Islamiyya da yamma. In 'ya mace ce, ka tabbatar akwai malama da take raka su duk fita, kuma ana tashi daga atisaye kafin magariba. Kafin ka sa hannu a takardar, ka roƙi a bar ka ka zauna a bayan aji ranar atisaye ɗaya, ka ƙirga sau nawa wani yaro ya amsa abin da ɗan'uwansa ya faɗa.