Kafin ka zuba kuɗi a tsohuwar bindigar soja, duba banati

Masu sha'awar tsofaffin bindigogin soja kan tambaye ni a nan Jos da wacce za su fara. Amsata ɗaya ce kullum: fara da banati, wuƙar nan da ake maƙala wa bakin bindiga.

Bindigar Lee-Enfield mai harsashi .303, wadda kakanninmu suka saɓa zuwa Burma a runduna ta 81 da ta 82, ita ce burin kowa. Sai dai dokar makamai ta 1959 ta sa irinta cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka cire ta a lissafi. Bindigar toka kuwa ita ma sai da izinin 'yan sanda, ga shi ba shekara ba sunan maƙeri a jikinta, to me za ka bincika?

Ni dai banatin Lee-Enfield samfurin 1907 ne ya kwanta min a rai. Tsawon kaifinsa inci 17, kuma tarihinsa na rubuce a jikinsa. Duba gindin kaifin, dab da ƙota: za ka ga kambun sarauta, da harufan sarki, ER na Edward ko GR na George, sai 1907, sai wata da shekarar ƙira, sai sunan kamfani, kamar Wilkinson ko Sanderson. Juya ɗaya gefen, akwai kan kibiya, alamar kayan gwamnatin Birtaniya, da X mai nuna an tanƙwara shi an gwada bai karye ba. A wasu ma har lambar runduna aka buga a ƙarshen ƙotar. Da wannan kaɗai sai ka yi mako kana bin sawu. Banatin Lee-Enfield samfurin No. 4 da ya biyo baya kuwa ƙusa ce kawai, bar shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Wannan 1907 shekarar samfuri ce, ba shekarar ƙira ba. Duk dillalin da ya nuna maka ita yana rantsuwa a kan tsufa, ko dai bai sani ba ko ya raina ka. Na farko-farkon suna da ƙugiya a mariƙi, aka daina yin ta a 1913, shi ya sa suke tsada. Nan aka cuce ni. Wani ya kawo min mai ƙugiya, ya ce na kakansa ne, na biya ba ciniki. Da na isa gida na goge da mai, sai ga 1918 ɓaro-ɓaro, ga kuma tabon walda a gindin ƙugiyar. Har yau abin na ci min rai.

Algus bai tsaya a banati ba. Maƙeran Darra da ke Pakistan sun daɗe suna kwaikwayon tsohuwar bindigar sojan Birtaniya mai suna Martini-Henry, har su buga VR na Sarauniya Victoria tare da shekarar bayan 1901, alhali a shekarar ta rasu, wani lokacin harafin N na ENFIELD ma a juye. A nan gida kuma sai a binne sabon ƙarfe a damina ya yi tsatsa. Tsatsar shekara ɗari baƙa ce mai santsi, ta jiya ja ce, tana bin yatsa.

Kada ka saya da hoton WhatsApp, kada ka saya da magariba. Je da rana, da tsumma da ɗan mai, ka karanta shekarar da idonka kafin a fara maganar kuɗi.